Jar Allura a Motar Alojzy

Ranar Asabar, sha ɗaya da rabi na safe, aka buga waya ofishin 'yan sanda cewa an sami gawa a wani gareji a Jastarnia, ƙaramin garinmu na masunta a bakin teku. Ni, Truda, na buga. Gawar ta mijina ce, Alojzy Konkel. Kofi na kai masa, na tarar da shi kwance cikin ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, ƙeyarsa a fashe.

Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma Sufeto Ludwik Sarna ne ya ba ni labari daga baya.

Sufeton ya iso kafin ƙarfe ɗaya. Gajere ne, mutumin can cikin ƙasa, bai san komai na teku ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya duba gawar, ya sa aka ɗauki hotuna, sannan ya tsaya a kan motar ya daɗe.

Shekara talatin Alojzy ya yi yana kula da inji a jiragen kamun kifi. Da ya ajiye aiki sai ya sayi gangar jikin wata mota ta zamanin kakanni, ya sare mata rufi, ya dasa mata ƙaton inji, irin waɗanda ake ce wa hotrod. Agogunan gabanta kuwa, na zafi da na ƙarfin mai, duk na tsohon jirgin ruwa ne masu bakin tagulla. Washegari Lahadi za a fara nuna ta a taron masu irin waɗannan motoci.

"Pani Konkel," in ji Sufeto, "wa ya kashe injin nan?" A nan Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan.

"A kashe na same shi, yallaɓai."

"Ga makulli a murɗe, yana kunne. Amma an rufe famfon mai, an kuma kashe babban makunnin batir." Ya sosa haɓa. "Mutumin da ke cikin rami bai yi wannan ba."

Ya tsallaka gidan maƙwabciyarmu Halina. Ita kuwa ba a roƙonta magana. Ta ce wajen ƙarfe tara ta ji Alojzy da ɗanmu Radek suna ɗaga wa juna murya, ta ce ƙarar injin ta hana ta jin rediyo har bayan goma.

Radek ya iso a guje daga garin Puck, inda yake gyaran motoci. Sufeto ya tare shi a ƙofa.

"Ina kake da ƙarfe tara?"

"A wurin aiki."

"Maƙwabciya ta ji muryarka a nan."

Yaron ya dube ni. A gabana aka sa shi a mota. Na riƙe hannun rigar Sufeto, ya cire hannuna a hankali.

"Awa arba'in da takwas doka ta ba ni, Pani. Litinin da rana zan miƙa shi ga mai gabatar da ƙara."

Da yamma mutane suka cika ɗakin girkina. Cikinsu har da Brunon Budzisz, aminin Alojzy tun suna yara, wanda ya riƙe Radek ranar baftisma. Shi ma tsohon mai kula da inji ne. Yana zaune hula a gwiwa sai Sufeto ya dawo ya zauna kusa da shi.

"Pan Budzisz, ka san motar nan?"

"Ni da kayan wasan yara? Tun bikin Ista ban leƙa garejin ba. Tsoho da furfura yana gina keken tsere."

"Yau da safe fa?"

"Ina bakin teku ina gyaran raga."

Ya miƙa wa Sufeto ƙahonsa na garin taba ya shaƙa. Sufeto ya yi atishawa har sau huɗu, wasu suka yi dariya a gidan makoki. Ni ban yi ba. Ina tunanin ko an ba Radek bargo.

Lahadi da safe Sufeto ya sa aka kawo masa Radek ofis.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro, yallaɓai. Mun yi faɗa, sai ga shi ya mutu."

"Faɗan me?"

"Wa zai tuƙa ta a taro. Wata takwas ina yi masa walda, amma ya ce hannuna na mahaucin kaji ne, ba zan taɓa sitiyarinsa ba. Na ce ya je ya tuƙa jirginsa mai taya. Na buga ƙofa na tafi."

"Injin fa?"

"Yana aiki. Yana sauraronsa, kunne a jiki kamar likita."

"Da kai ne za ka kashe shi, ya za ka yi?"

Radek ya dube shi kamar ya tambaye shi yadda ake shan ruwa. "In murɗa makulli mana."

"Famfon mai fa? Makunnin batir?"

"Wannan tarkacen Baba ne na jirgi. Mota ba ta bukatarsu. Ni ko taɓa su ba na yi."

Sufeto bai sake shi ba. Ya ce mini daga baya, wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a saye maganarsa ta biyu da arha.

Bayan an taso daga coci ya zo gidana da hotuna biyu. Na farko agogon zafin inji ne. Allura biyu gare shi, baƙa da ja, duka suna kwance a ƙasa.

"Wannan jar, mene ne aikinta?"

"Baƙar ce take tura ta," na ce. "In inji ya huce, baƙar ta sauko, jar ta tsaya a inda zafi ya kai. Sai an murɗa ɗan maɓallin tsakiya take komawa. Alojzy ba ya mayar da ita sai ya rubuta a littafinsa, kamar yadda suke yi a jirgi."

"Na ga littafin. Babu rubutun Asabar." Ya buga yatsa a kan hoton. "Injin ya yi fiye da awa yana aiki, amma jar allura tana ƙasa. Wani ya mayar da ita. Radek ya san da maɓallin?"

"Radek ya ɗauka ado ne."

Sai ya turo mini hoto na biyu. Bakin tagullar agogon ne, an ƙara masa girma. An karce shi da wuƙa: sanda ɗaya a tsaye, biyu a gicciye, da ƙugiya a ƙasa.

"Wannan karce ne kawai, ko rubutu?"

A nan kowane gidan masunta yana da tambarinsa, ana sassaƙa shi a jikin filafili da ƙugiya da duk kayan aiki. Na Konkel na sani, na gidan ubana na sani. Wannan ma na sani.

"Pani Konkel?"

"Na gidan Budzisz ne."

"Brunon?"

"Ɗansa. Mirek." Na mayar masa da hoton. "Shi ne mai kula da inji a wani jirgi. Shekara tara ke nan igiyar raga ta ja shi cikin ruwa, ba a ga gawarsa ba. Daga baya aka yanka jirgin aka sayar da ƙarfen."

Ban san daga can Alojzy ya samo agogunan ba. Wallahi ban sani ba. A nan ba a ɗaukar ko ƙusa daga jirgin da ya ci mutum.

"Tambari ba shaida ba ne," in ji Sufeto yana tattara hotunan. "Kada ki gaya wa kowa."

Litinin ƙarfe goma, saura 'yan awanni a miƙa Radek, Sufeto ya aika aka kira Brunon garejin. Ni ina tsaye a bakin ƙofa.

"Pan Budzisz, taimako nake nema. Ina so in auna ko ƙarar injin nan tana kaiwa gidan Halina, amma na kasa tayar da shi. Ni ɗan manomi ne."

Brunon ya yi tsaki. "Su ba ku bindiga, ba su koya muku inji ba."

Ya buɗe famfon mai, ya murɗa makunnin batir, ya tayar. Garejin ya ɗauki ruri. Bai kalli agogunan ba ko sau ɗaya. Sufeto ya fita, ya yi minti goma sha biyar, ya dawo yana toshe kunne.

"Ya isa! Kashe shi, don Allah, kaina zai fashe!"

Brunon ya rage wuta. Ya rufe famfon mai, ya jira injin ya yi tari ya mutu. Ya kashe makunnin batir. Ya miƙa yatsa biyu ya murɗa maɓallin, jar allura ta kwanta. Makullin bai ko kalle shi ba.

Sai ya tsaya, yatsunsa a kan gilashin.

"Tun Ista ba ka shigo nan ba," in ji Sufeto, "amma hannunka ya je kan famfon da ke ɓoye ƙarƙashin kujera ba tare da ka nema ba."

Brunon ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Da zai yi magana, ni ya kalla.

"Na zo ne in ga abin da zai nuna wa duniya, Truda. Sai na ga tambarin. Ranar da Mirek ya karce shi ina tsaye a kansa. Na ce, Alojzy, cire wannan ka ba ni, ba ni da kabari, ba ni da komai. Ya ce bayan taro. Na ce yanzu. Ya yi dariya ya ce ƙarfe ne kawai, Brunon, ƙarfe ba ya makoki." Ya goge baki. "Ture shi na yi. Hannu ɗaya. Ban ga ramin a bayansa ba."

"Me ya sa ba ka kira asibiti ba?" in ji Sufeto.

"Na sauka na taɓa wuyansa. Ya riga ya tafi. Na fito, inji yana ta ruri ba kowa a kansa. Ba a barin inji haka." Ya dubi hannuwansa. "Ban ma san na yi ba."

"Kwana biyu ɗan baftismarka yana kulle," in ji Sufeto.

"Na sani."

"Da an miƙa shi yau da rana fa?"

Brunon ya ci gaba da kallon hannuwansa. Har yau ban san abin da zai yi ba da an miƙa yaron.

Aka sa masa ankwa. Da zai wuce ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Truda." Shekara arba'in da ɗaya yana cin abinci a teburina. Na matsa gefe na ba su hanya.

Ƙarfe biyu Sufeto da kansa ya kawo Radek gida. Bai gaya masa komai a hanya ba, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Yaron ya shigo da rigar Asabar a jikinsa, ya zauna a kujerar babansa ba tare da ya lura ba. Na zuba masa miya da dankali.

"Mama, wane ne?"

"Ci tukuna."

Ya ɗauki cokali, ya waiga ya dubi ƙofa. "Ina Kawu Brunon? Na ɗauka zan same shi a nan tare da ke."

Na ja kujera na zauna kusa da shi, na jira ya gama kwanon.