Gorubar da Rabi'u Bai Tare Ba

Rana ta yi ja a bayan duwatsu lokacin da Sa'adatu ta tsare Rabi'u a lungun unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Ya dawo daga dako, gwiwoyinsa na ciwo, ba abin da yake so irin ya zauna.

"Yaya Rabi'u, an ce gobe za a rushe gidan ƙanƙara. Sandar Isa tana ciki. Ka ɗauko min."

"Bayan shekara goma sha ɗaya? Ai gara ta cinye ta."

"To ka kawo min garar."

Matar amininsa Isa ce, kuma tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙonsa ko tsinke ba. Ya ce, "Tayyib, na ji," ya juya.

Sai na gaya muku wace sanda ce, don yaran yanzu ba ku san komai ba. Da aka kafa injin ƙanƙara a gefen gari, mutanenmu ne ke dako. Suna da gora mai lanƙwasasshen kai da suke tura ƙanƙara da ita a kan katako. Daɓen gidan siminti ne, kullum a jiƙe, santsi kamar an shafa mai. Wata rana wani ya daki ƙwallon goruba da gorarsa, ta zame har bango. Daga nan wasa ya tashi.

Ƙungiya suka yi sosai, mutum shida. Da farko ana ce musu 'Yan Sanyi, da mai injin ya sayar suka koma 'Yan Ƙugiya, daga baya kowa ya gaji, ana ce musu yaran gidan ƙanƙara kawai. Sun kara da masu jan ruwa na unguwar Utaibiyya, sun kara da masu raƙuma. Ladansu kwanon wake da guntun ƙanƙara a tsumma. Duk wanda ya gwanance, sai a ja shi Jidda wajen ƙwallon ƙafa, ba a ƙara ganinsa. Haka suka yi ta faci kamar tsohon zane.

Doka ɗaya gare su: ba mai barin daɓe sai goruba ta wuce mai tsaro. Ko an kira salla, sai an yi cin ƙarshe. Shi ya sa idan lokaci ya ƙure, mai tsaro kan ɗan kauce, a ci, a tafi masallaci.

Rabi'u ba ya kaucewa. Ƙofar fita yake tsarewa, ita ce ragarsa, kuma kansa ya fi ƙofar girma. Ranar nan suna gwaji, uku da uku, magariba ta kawo kai. Isa ya ce, "Halas, shi ke nan, ya sheikh, bar ta ta wuce, na gaji." Ya buga. Rabi'u ya tare yana dariya. Isa ya bi gorubar, ƙafa ta kwashe shi, ƙeyarsa ta sauka a kusurwar ƙanƙara. Aka ɗauke shi aka fita da gudu. Ba a ci ba. Ba a ƙara wasa ba.

To, gidan ke nan Rabi'u ya nufa.

Injin ya daɗe da mutuwa. Ƙofar a buɗe take, jingine da ƙarfe ɗaya. Iskar waje zafi kamar bakin murhu. Ya yi bisimilla a gaggauce, ya taka ciki.

Warin nan ne ya fara dukansa, mai hawa kai kamar fitsarin raƙumi, haɗe da jiƙaƙƙen garin katako. Warin injin da ke aiki. Ya tsaya.

Daɓen a jiƙe yake.

Can a bango, sanduna biyar a jingine, ƙura ta rufe su. Ta Isa, mai jan zare a mariƙi, tana kwance a tsakar daɓe. Ba ƙura a kanta.

Shhhrrr.

Wani abu ya taho yana zamewa daga cikin duhu. Kafin ya yi tunani, ƙafarsa ta dama ta fita ta tare. Goruba ce, baƙa, ta sha duka har ta yi sheƙi. Ta koma inda ta fito.

Sanyi ya kama ƙafar har idon sawu.

Sai ya ji takun sawu a ruwa. Ƙafafu da yawa, ba takalmi. Kan gora na ƙwanƙwasa siminti, ƙwas, ƙwas. Sandunan bango kuwa ba su motsa ba.

"Ka daɗe, mai ƙofa."

Raɗa ce, a gefen kunnensa. Muryar Isa ce, har da ɗan tsamin bakinsa.

Ku ji ni da kyau, matacce ba ya dawowa. Isa na kabarinsa, Allah ya ji ƙansa. Amma gida mai duhu da ruwa ba ya rasa masu shi, mutanen ɓoye. Shekara da shekaru suna kallon wasan daga saman rufi. Sun koyi bugu, sun koyi murya, sun koyi doka. Su kuma ba sa karya doka.

"Sanda na zo ɗauka," Rabi'u ya ce.

"Ba a ci ba."

"Isa ya rasu."

"Ba a ci ba. Mun gaji, Rabi'u. Shekara goma sha ɗaya ba mai ƙofa. Ba mai ƙofa, ba ci."

Ya so ya juya. Ƙafar dama ta manne da daɓe.

Shhhrrr.

Daga hagu wannan karon. Ya ce wa jikinsa kada ya motsa. Jikin bai ji ba. Ƙafar hagu ta fita, ta tare.

Sanyi ya hau har gwiwa.

Aka yi nishi a cikin duhu, nishin mutane da yawa, irin na 'yan dako da aka ƙara wa kaya. Daga nesa, can wajen Harami, kiran magariba ya taso siriri.

Bugu na uku ya tare da hannu. Yatsun suka ƙage.

Numfashinsa na fita fari. Ba ya jin cinyoyinsa. Ya gane cewa bugu biyu nan gaba, sanyin zai kai ƙirji, gobe masu rushe gida su same shi a tsaye a bakin ƙofa.

Sandar mai jan zare ta miƙe da kanta. Kanta ya ja baya.

"Halas, ya sheikh," in ji muryar. "Bar ta ta wuce."

Maganar da bai ji ba ran nan.

Rabi'u ya rufe ido. Ya cusa hannuwansa a hammata, ya matse. Ya cije harshe har ya ji gishirin jini. Ya fara Ayatul Kursiyyu, yana tuntuɓe a cikinta.

Shhhrrr.

Kowace jijiya a jikinsa ta ce tare.

Bai tare ba.

Ta gogi idon sawunsa ta wuce. Ya ji ta ta faɗa kan tsakuwar waje, ta gangara, ta tsaya.

Shiru. Sai ƙarar sanda ta faɗi a daɓe. Sai ajiyar zuciya, doguwa, ta fita ta rufi kamar an huda salka.

Ƙafafunsa suka saku. Da rarrafe ya jawo sandar, da rarrafe ya fita. Ya kwanta a kan duwatsu masu zafi yana kuka kamar yaro, har aka idar da salla.

Da ya miƙa wa Sa'adatu sandar, ta shafa jan zaren, ta dube shi.

"Ka ji jiki?"

"Na bar shi ya ci," in ji shi.

Ta ɗora masa shayi.

Washegari aka rushe gidan. Masu aikin sun ce daɓen a bushe yake ƙayau, har ya tsattsage. Ƙafar Rabi'u ta dama kuwa ba ta ƙara yin ɗumi ba. Ko a zafin Arfa, jikokinsa kan yi rigima a kan wanda zai ɗora kumatu a kanta. Shi da bai taɓa ambaton ƙungiyar ba, sai ya zama ba ya gajiya da lissafa sunayen mutum shidan nan. Kuma har ya koma ga Allah, in ka jefa masa abu, ko dabino ne, ba ya cafewa. Sai ya kauce, ya bari ya faɗi, sannan ya sunkuya a hankali ya ɗauka.