Mai Gida a Ƙarƙashin Kubba

Rana ta kusa faɗuwa a Bukhara lokacin da Gulnora ta shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfar inabi, ta fito da tabarau biyu daga jaka. Malamar lissafi ce a wata tsohuwar makaranta da aka mayar gidan tarihi. Idan yara suka sa tabaran nan, dukkansu abu ɗaya suke gani: taurarin tangaran da ke jikin kubba su ɓallo su tsaya a iska, a kama su da hannu, a raba su, a auna kusurwoyinsu. Darasin gobe take son gwadawa, sai ta kira 'yarta Zebo, mai shekara goma sha huɗu.

Suna cikin juya wani tauraro mai tsini goma aka kira sallar magariba. Sai ga hannu na uku ya shigo tsakaninsu, dogo, siriri, launin toka. Ya karɓe tauraron a hankali.

Gulnora ta fizge tabaranta. Babu kowa a tsakar gidan sai ita da Zebo. Har tsuntsayen rumfa sun yi shiru.

"Zebo, cire naki."

Yarinyar ta cire, amma idonta na kan wurin da babu komai.

Washegari da almuru aka jefo gutsuren tangaran shuɗi guda ɗaya cikin butar shayi. Kashegari uku suka faɗo. Sannan shida. Ravshan, mijin Gulnora, ya hau soro da sanda yana zagin yaran unguwa, ya sauko jikinsa a sanyaye, don duk rufin maƙwabta wayam. Gulnora ta ƙirga: ɗaya, uku, shida. Ta san jerin nan, ita ke koya wa yara shi. Ta san gobe goma ne, kuma goman suka faɗo.

Zebo ta daina cin gurasa. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai ta tsaya fuskantar bango, hannuwanta sama, tana ɗaukar abin da ba a gani tana jerawa, tana ƙirga da wata murya mai kauri kamar daga cikin rijiya. In an riƙe ta, sai ta yar da mahaifinta kamar tsumma.

"Kin kwaso mana abin da ya fi ƙarfin bokonki," in ji surukar Gulnora. Ta yafa mayafi, ta tafi da kanta ta zo da Domla Eshonƙul, tsohon malamin da ya sauke wa rabin unguwar Alƙur'ani.

Domla ya zauna, ya sa aka riƙe yarinyar, ya yi ta karatu a kunnenta har jikinta ya ɗauki rawa.

"Ya isa, tsoho! Kana ƙona ni," in ji muryar nan mai kauri daga bakin Zebo.

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba. Uwarta ce." Kan Zebo ya juyo wajen Gulnora a hankali. "Tun ranar da magini ya manna tauraron ƙarshe nake cikin kubbar nan. Kullum sai ki ɓalle mini rufin ɗaki ki raba wa yara, su watsa, ku cire tabarau ku tafi. Ke ba kya gani, sai ki ce ya wuce. Ni nake bi ina mayarwa, ni kaɗai, ga tsufa."

Gulnora ta ce, "Wallahi hoto ne kawai. Haske ne."

"Ni da me kike zaton aka yi ni, da laka?"



"Yarinyar tana da hannu mai kyau," in ji muryar. "Ku bar mini ita."

"Ba za ka samu ba," in ji Domla. "'Yar Adam ba baiwarka ba ce. Faɗi abin da zai yiwu, ko in ci gaba da karatu."

"To wata guda."

"Ko yini guda."

Sannan muryar ta sauko. "Abin da yaran suka ɓalle su mayar da hannunsu, kowane a gurbinsa, kullum kafin la'asar. Kuma ɗaki mai mutum ba a faɗa masa babu sallama."

Domla ya dubi Gulnora. "'Yata, kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Malam."

Domla ya sa aljanin ya rantse da Wanda ya halicce shi. Zebo ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta fashe da kuka.

"Inna, hannuna zafi."

Gulnora ta buɗe tafukan. Duk sun tsattsage, kamar na wanda ya yi mako yana aikin gini.

Da safe ta isa gidan tarihin kafin kowa. Ta tsaya a bakin babban ɗakin mai kubba, ta tuɓe takalma, ta yi sallama da ƙarfi.

Mai gadi ya leƙo yana dariya. "Malama, ai yaran ba su iso ba. Wa kike yi wa sallama?"

Ba ta waiwayo ba.

"Mai gida," in ji ta.