Furar Inno

"Hamma, ajiye ludayin nan, don girman Allah."

"Kurɓa ɗaya ce fa, Shatu..."

"Ko rabin kurɓa."

Daudu ya ajiye yana murmushin da bai kai ciki ba. Ɗan kawunta ne, tun suna bin maruƙa a rugarsu ta gefen Roni take kiransa Hamma, aure bai sauya mata baki ba. Yau tana kallon wuyansa yana yawo a cikin riga.

Wata biyar ya yi yana ɓoye ciwon ciki, shi a dole mai fulako, sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. A Kazaure aka yi masa aiki, aka tarar da ƙullutu, aka yanki kaɗan aka aika. Sakamako ya dawo da sunan da Shatu ta tsani ji: ciwon daji ne a ƙaramin hanji, irin wanda likitan ya ce a littafi kawai ya taɓa ganinsa. Akwai babban likita mai zuwa Kano sau ɗaya a wata, yau ce ranarsa. Malamin asibiti ya ja musu kunne har sau uku: tun daga isha'i kada komai ya shiga cikinsa, domin hoton hanjin za a ɗauka. Wanda ya ci, sai wani watan. Shatu ba likita ba ce, amma ta san Daudu ba shi da wani watan.

Ta gama shiri tun jiya. Takardar asibiti tana cikin leda a ƙasan jaka, ga kwalaben magungunan da ya shanye, an ce a nuna su. Ba ta iya rubutu ba, sai ta ƙulla tambayoyinta a bakin gyale, ƙulli uku. Za a sake yanka shi? Me zai riƙa ci? Na ukun ko a ranta ba ta iya ƙarasa shi.

Sun miƙe ke nan za su tari motar Kano, Inno ta yi sallama.

Daudu ɗan farinta ne. Shekara talatin ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda ya zauna, magana ma sai ta aika. Haka kunyar take a gidansu. Amma ga ta yau da ƙwarya a hannu, fura damammiya da nonon jikar saniyar da aka ba shi ranar suna. Ta wuce kowa, ta durƙusa, ta miƙa masa da hannunta.

"Ba a tafiya da yunwa," ta ce, idonta a ƙasa.

Daudu ya karɓa. Shatu ta ga fuskarsa ta san an gama. Mutumin da ya jira wannan ƙwarya tun yana yaye, wace takarda ce za ta hana shi? Ya dube ta da ido jawur.

"Shatuna... Inno ce fa."

Ita kuwa shekara shida a gidan, ko tari ba ta yi a gaban surukarta. Daudu ya ɗaga ƙwaryar har ta kusa leɓensa.

Sai ji aka yi Shatu ta riƙe ƙwaryar gam.

Shatu ta zube gaban Inno, hawaye na bin haɓarta. Ta faɗi abin da malamin asibiti ya ce, tana tuntuɓe da kalmomi, tana maimaitawa. Ta ce a kira ta marar kunya, a kore ta ma idan sun dawo, ta yarda.

"Inno, in ya sha, likita ba zai duba shi ba. Ni kuma ba zan iya... ba zan iya binne shi ba."

Inno ta kalli furar. Mayar da ita cin fuska ne, zubar da nono kuwa ba a yinsa a ruga.

"Bari in sha masa," Shatu ta ce. "Albarkar tana tare da mu a mota."

Ta kafa kai tana sha tana shessheƙa, har ta ga gindin ƙwarya.

Daga titi direba ya danna oda. Inno ta karɓi ƙwaryarta, ta kama bakin gyalen Shatu, yatsunta suka tarar da ƙullin nan uku. Ta tambayi na mene ne, aka gaya mata. Sai ta laluba gefe ta ƙulla na huɗu, ta ja shi da ƙarfi.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Ki ce wa likitan... ki ce masa uwar Daudu tana jiran Daudu."

Daudu ya juya baya, ya rufe fuska da hannun riga.