Abin da Ke Tafin Hannun Kitsao

"Mama! Wayyo Mama, fito ki gani!"

Nyevu ce tsaye a bakin rumfar raga, ƙunshin ganyen da ta yanko da sassafe ya zube a ƙafafunta.

Babu ko ɗaya da ke tashi sama...

Malam-buɗe-littafin da ƙungiyar matan ƙauyen ta damƙa mata kiwonsu duk suna ƙasa, shuɗɗa da baƙaƙe masu ɗigon fari, har da manyan nan masu jela waɗanda sai a tsakiyar kurmi ake samo iyayensu. Wasu sun sandare, wasu suna ta karkaɗa fiffike cikin yashi. Tsutsotsin ma sun saki ganye sun faɗo, sun lanƙwashe.

Mahaifiyarta ta fito da ludayin kunu a hannu. Tana leƙawa ta dafe ƙirji.

"Mun shiga uku! Nyevu, wa ya taɓa rumfar nan?"

Nyevu ta kai dubanta ga ɗinkin da ke gefen rumfar. Mutum ɗaya ne ya taɓa ta. Jiya birai sun yaga gefen ragar, saurayinta Kitsao ya zo da allura da sabon ƙyallen raga ya zauna cikin rana ya ɗinke mata tsaf, yana yi yana tsokanarta wai ta fi son tsutsa a kansa.

"Ina tambayarki!"

"Kitsao ne ya yi mini ɗinki, Mama... amma wallahi ba zai..."

Ba ta ƙarasa ba, don tuni ihunta ya tara mutane. Matan ƙungiya suka cika tsakar gidan, kowace ta leƙa sai ta ɗora hannu a ka. Ba ƙaramin abu ba ne. Daga tsutsar nan, idan ta ƙunshe kanta cikin kwanso aka kai wa masu saye a birnin Malindi, ake samun na sabulu da na makarantar yara. Kuma tunda tsutsar ba ta cin kowane ganye sai na itatuwan kurmi, matan nan suka zama masu gadin kurmin. Duk wanda suka ji ƙarar gatarinsa sai sun kai ƙararsa wurin jami'an daji. Masu ƙona gawayi kuwa ba su taɓa yafe musu ba.

Kitsao ɗan gidan masu gawayi ne. Saboda Nyevu ya ajiye gatari, har 'yan'uwansa suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Amma duk wannan bai sa dattijo Mzee Ngumbao, mahaifin Nyevu, ya ko amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba. Shi wani saurayi mai suna Baya yake so mata, mai shagon taki da maganin feshi a bakin titi, mai babur da dogon baki.

Ga shi nan kuwa ya iso, kamar da ma a bayan katanga yake jira.

"Ai na faɗa!" in ji Baya, yana tafa hannu. "Mzee, ban faɗa maka ba? Da idona na ga Kitsao jiya yana zagaya rumfar nan da kwalba a aljihu. 'Yan'uwansa ne suka turo shi, ya shiga jikin yarinya ya gama da ku!"

"Ƙarya kake yi, Baya!" Nyevu ta faɗa da ƙarfi.

"Rufe mini baki!" Mzee Ngumbao ya daka mata tsawa. "Ke har kina da bakin magana?"

Ana cikin haka Kitsao ya shigo da gudu, ya ji labari a hanya. Bai ma lura da jama'ar ba. Ya durƙusa a bakin rumfar ya ɗauki guda ɗaya a tafin hannunsa, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

"Nyevu... rabin raina, me ya same su?"

"Ji munafuki!" wata mata ta ce. "Kai za a tambaya!"

Wani saurayi ya cakumi wuyan rigarsa, wani ya zaro adda. Nyevu ta ga yadda fuskokin da ta sani tun tana goye suka canza. Ta san abin da taro yake yi wa mutum idan ya fusata, ba a tsayawa jiran jami'ai.

Kitsao ya dube ta, duba ɗaya.

Sannan ya fizge, rigar ta yage a hannun mai riƙon, ya tsallake shingen rogo ya nufi ƙofar shingen wayar da ke tsare giwayen kurmi. Kafin a ankara kurmi ya haɗiye shi.

"Kun gani ko? Mai gaskiya yana gudu ne?" Baya ya ɗaga murya. "Ku taso mu bi shi!"

Samari suka ɗunguma da sanduna da adduna. Nyevu ta yunƙura za ta bi su, mahaifinta ya fincike ta ya tura ta cikin rumfar.

"Ki zauna ki kalli abin da soyayyarki ta jawo wa mutane!"

Ta faɗa jikin ragar, daidai inda Kitsao ya ɗinka. Ta cusa fuskarta a ciki tana kuka kamar ranta zai fita. Tsoro biyu ne suka haɗu suka shaƙe ta: ko samarin su riske shi, ko giwaye su riga su. Can ƙasan zuciyarta kuma akwai na uku, wanda ko ita ba ta son ta kalla... idan fa da gaske shi ne?

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba. Sai ta ji fuskarta ta fara zafi.

Ta goge da gefen zane, zafin ya ƙaru. Kumatunta da fatar idonta suka ɗauki raɗaɗi kamar an shafa mata barkono. Ta ɗago a firgice ta ƙura wa ƙyallen ido. Ta san wannan raɗaɗin! Babu macen da ba ta san shi ba a ƙauyen nan, duk wadda ta taɓa yin gaggawar kwana cikin sabon gidan sauro ba ta shanya shi a inuwa ya sha iska ba.

"Mama! Ku zo ku taɓa! Gidan sauro ne... mai magani ne, irin wanda ake rabawa a asibiti!"

Matan suka matso. Wata ta shinshina, wata ta goga a bayan hannunta ta jira, sai ta yi tsaki ta yarfe hannun.

"Shi ne wallahi. Abin da ke kashe sauro ai ba zai bar waɗannan ba."

"To ai shi ya kawo shi," in ji Mzee Ngumbao, amma muryarsa ta yi sanyi.

"Baba, Kitsao gawayi ya sani, bai san raga ba! A wurinsa duk raga raga ce. Kuma su gidansu ba a ba su gidan sauro ba bana, ina ya samo sabo?"



Can daga baya wata dattijuwa ta zauna daɓas a kan turmi. Maman Baya ce, ita ma 'yar ƙungiya ce, kuma kasonta na tsutsa yana cikin waɗanda ke kwance a yashi.

"Shuɗi ne, mai farin baki?" ta tambaya a hankali.

"Shi ne, Mama."

"Nawa ne..." Hawaye ya zubo mata. "Jiya Baya ya ɗauke shi a ledarsa, ya ce wani abokinsa zai taimaka wa da shi. Na ce ka gaya masa ya shanya tukuna. Ya yi dariya ya ce ai ba mutum ne zai kwana a ciki ba."

Mai sayar da maganin ƙwari dai ba zai ce bai san abin da ke jikin ragar nan ba.

Nyevu ba ta jira kowa ba, ta kwasa da gudu.

"Nyevu! Ke Nyevu, akwai giwaye!" Mahaifinta ya biyo ta da sandarsa, Maman Baya a bayansu tana haki tana kiran sunan ɗanta.

Cikin kurmin duhu-duhu ne ko da rana tsaka. Nyevu ba ta bi sawun samarin ba, don yanzu ta gane kallon da Kitsao ya yi mata. Akwai wata babbar bishiya can ciki wadda 'ya'yanta ke zuba suna ruɓewa a ƙasa. Matan malam-buɗe-littafi suna sauka su sha ruwan har su yi nauyi, ka sa yatsu ka ɗauka. Ita da kanta ta nuna masa wurin, ta kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya je shi kaɗai, don giwaye ma 'ya'yan itacen nan suke so.

Suka wuce kashin giwa, ɗanye, har yana tururi.

Mzee Ngumbao ya riƙe hannun Nyevu. Can gefen dama wani reshe ya karye da ƙara, sannan wani gurnani mai nauyi ya ratsa ƙasa har cikin ƙirjinta. Suka daskare. Ta cikin ganyayyaki ta hango wani abu toka-toka yana motsi a hankali, kunne ɗaya ya buɗe ya rufe. Maman Baya ta toshe bakinta da zane.

Sai da ƙarar ta yi nisa suka iya numfashi.

Daga nan ne suka jiyo ihun mutane, da ƙarar sanda a jikin mutum.

Nyevu ta fizge hannunta.

A gindin bishiyar ta same su. Kitsao yana ƙasa ya dunƙule, jini yana bin gefen fuskarsa. Hannu ɗaya ya kare kansa da shi, ɗayan kuma ya cusa a ƙarƙashin ƙirjinsa ya kwanta a kai. Baya yana tsaye yana zuga su.

"Kwalbar ce yake ɓoyewa! Ku karya hannun!"

"Ku bari! Ku bari, za ku kashe shi!"

Ta faɗa a kansa, sandar da aka ɗaga ta sauka a kafaɗarta. Ba ta ma ji zafin ba.

"Duk wanda ya ƙara ɗaga hannu, ni ya daka!" Muryar Mzee Ngumbao ce. Samarin suka ja da baya.

Maman Baya ta iso tana jan ƙafa. Ba ta yi wa kowa magana ba sai da ta tsaya gaban ɗanta ta ɗauke shi da mari.

"Gidan saurona ka ba yaron nan ya ɗinka, kana sane! Abincin bakina ka kashe don ka raba shi da yarinya! Faɗa musu da bakinka, ko in tsine maka a gaban kurmin nan!"

Baya ya sunkuyar da kai. Sanduna suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Nyevu ta tallafo kan Kitsao ta ɗora a cinyarta, hawayenta yana ɗiga a goshinsa.

"Masoyina, buɗe ido... don Allah buɗe ido ka dube ni. Me ya sa ka gudu? Me ya sa ba ka kare kanka ba?"

Da ƙyar ya ɗaga fatar ido ɗaya, ya yi wani guntun murmushi.

"Da na tsaya... wa zai samo miki iri? Kawo gyalenki, abar ƙaunata. A hankali."

Ya zaro hannun daga ƙarƙashin ƙirjinsa. Yatsun sun kumbura, amma ba a damƙe suke ba, ya yi musu rumfa ne kawai. Ya ɗan buɗe. A ciki wata babbar macen malam-buɗe-littafi ce mai jela, cikinta ya yi nauyi da ƙwai, ta motsa fiffikenta shuɗi da baƙi. Ko gefensa bai goge ba.

Nyevu ta rufe ta da gyale tana kuka tana dariya.

Mzee Ngumbao ya daɗe yana kallon hannun nan. Sannan ya jingine sandarsa, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, ya juya wa Kitsao baya.

"Ku ɗora mini shi."

"Mzee, ai mu sai mu..." wani saurayi ya fara.

"Kun yi naku aikin. Surukina ne, ni zan kai shi gida."