Saƙon da Waya Ta Datse wa Inna Kulu

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce ta bambanta da jiya. La'asar ta yi sakaliya, masunta sun ɗaure kwale-kwalensu a bakin gulbi, hayaƙin girki ya kwanta a kan unguwa. A gidan marigayi Malam Haruna, can ƙarshen Haɗejiya inda gidaje ke ƙarewa fadama ta fara, Adila na tsugune tana wanke kifi. Kwananta uku da dawowa hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Mahaifiyarta, Inna Kulu, ta shimfiɗa tabarma biyu a gindin katanga, ta zauna a kan ɗaya. Da Adila ta gama, sai ta goge hannu ta zo ta zauna a kan ɗayar.

"Tashi daga nan," in ji Inna Kulu, da ƙarfin murya irin na wanda ba ya jin kansa.

Adila ta yi dariya, ta juya tafin hannu alamar tambaya. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro tsakar gida. Wani ya biyo baya, sannan wani. Adila ta leƙa waje, babu kowa a lungun sai akuya. Da ta dawo ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ta ji shi a jiƙe, da taɓo mai ƙarnin kogi, alhali wata biyu rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Amma ba wannan ne ya tsinka mata zuciya ba. Inna Kulu, wadda shekara uku ke nan ko aradu ba ta ji, ta juya kai wajen zaure a hankali, fuskarta ta saki.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. "Yau kin makara."

Inna Kulu ba macen da ake tausaya wa ba ce, domin ba ta ba da fuskar hakan. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, kuma har yau akwai magidanta masu gemu da ke gyara tsayuwa in sun hango ta. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta. Bayan shekara guda, a daminar da ruwa ya ci gonaki ya yanke hanyoyi, mijinta Malam Haruna ya rasu. Ɗansu na fari, Abdulmannan, yana Legas yana aikin ƙera manhajojin waya. Bai sami jana'iza ba, wannan kowa ya yi masa uzuri. Amma aka yi uku, aka yi bakwai, hanya ta buɗe, bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi. Sai ranar arba'in ya iso. Ya durƙusa, ta amsa gaisuwarsa tana kallon bango.

Kafin ya koma ya bar mata waya da wata manhaja da ya ƙera dominta ita kaɗai, tunda kira ba ya yi mata amfani. Abu ne mai sauƙi: kowace safiya saƙonsa zai bayyana a cikin wani farin gurbi, a ƙasa akwai wurin rubuta amsa, da madanni ɗaya mai cewa "Na gani". Ya nuna mata, ya tafi. Bayan tafiyarsa ta yi ƙorafin rubutun ya yi mata ƙanana, Adila ta shiga saitin wayar ta ƙara girman harufa har ƙarshe, ta kuma zaɓo mata wani salon rubutu mai kauri kamar na allon aji. Inna ta sa mata albarka.

Tun daga nan, kowace safiya abin da take gani layi biyu ne. "Inna, ina kwana. Da fatan kin tashi lafiya." Shi ke nan. Gobe ma haka, jibi ma haka. Gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a shiri da shi. Da wata uwar ce, da ta tambaya, amma shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan na Legas". Yaya za ta buɗe baki ta roƙi ɗan fari ya ƙara mata magana? Sai ta danna "Na gani", ta cusa wayar ƙarƙashin matashi kada wani ya ga irin abin da ake aiko mata. Abin yana cin ta ƙwarai. Adila na makaranta, gida ɗaki biyar ya zama nata ita kaɗai, kuma shirun kurma ba irin namu ba ne da kukan zakara ke katsewa.

Washegarin ranar duwatsun, Adila ta sake zama a kan tabarmar, don ita 'yar boko ce, ba za ta bar tsakuwa ta kore ta daga gidan ubanta ba. Ana kiran magariba ta miƙe za ta yi alwala, ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farka ba ita ta farka ba. Ta zauna irin zaman tsofaffi, ƙafa a miƙe, baya a ranƙwashe, gashinta na ɗigar da ruwan da babu wanda ya zuba mata. Da safe takan dawo hayyacinta a gajiye, ba ta tuna komai, ba ta iya haɗiye ko kunu. Rana na sunkuyawa sai abin ya dawo.

Ma'u, maƙwabciyarsu, ita ta ga abin da ya fi ba ta tsoro. Ta shigo da tuwo a rana ta huɗu, ta tarar da uwa da 'ya suna hira. Yarinyar na magana ƙasa-ƙasa da wata murya mai kauri, Inna Kulu kuma na amsawa daidai, har da dariya. Ma'u ta ajiye kwanon, ba ta tsaya neman takalminta ba. Da gari ya waye ta aika garin Guri a kirawo Malam Umara.

Malam Umara dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba, ba ya zuwa da tarkace. Ya iso bayan la'asar da butarsa da carbinsa. Ya dubi Adila da ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, ya dubi tabarmi biyun, ya dubi uwar. Ya sa Ma'u ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, tsuntsaye suka wuce garke-garke zuwa fadama, sannan duwatsu suka fara zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Bai ɗaga kai ba. Can sai Adila ta yi wani dogon nishi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Gana."

"Daga ina?"

"Daga cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe gulbi, inda ruwa ya bar hanyarsa. Mutanena sun bi ruwa sun tafi. Ni na tsufa, ban iya bin su ba."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

Muryar ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Kirana aka yi. Wata magariba matar nan ta shimfiɗa tabarma ta ce, duk mai ji ya zo ya taya ta zama. Babu wanda ya zo a cikinku. Ni na zo. Shekara biyu ina zuwa, ban taɓa ko cokalinta ba. Sai yarinyar nan ta zauna mini a wuri."

Ma'u ta sunkuyar da kai, domin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Inna Kulu kuwa ba ta jin tambayoyin Malam, amsoshin kaɗai ke isa kunnenta, kuma ta san gaskiya ne.

"Tana da 'ya'ya," in ji Malam Umara. "Ba ta rasa kowa ba."

"Tana da ɗa mai surutu ma," in ji Gana. "Kullum sai ya cika mata waya da magana. Kan maganar kawai take gani, sauran na nutse a ƙasa. Ni ina ganin abin da ke ƙarƙashi, aikina ke nan a ruwa."

Sai muryar ta canja salo, ta koma karantawa a hankali kamar ɗalibi a gaban allo. "Inna, ina kwana. Da fatan kin tashi lafiya. Jiya ma ban yi barci ba. Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, tsoro ne. Na kasa shigowa gidan in ga babu Baba. Ki yafe mini. In kin ce in zo, gobe zan taho."

Inna Kulu ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Wannan na bara ne," in ji Gana. "Ga na shekaranjiya. Inna, na ga kin danna kin gani. Na gode. Ba zan takura miki ba, zan ci gaba da jira."

"Kin sani," in ji Inna Kulu. "Duk zaman da muka yi, kin sani, ba ki faɗa mini ba."

"Da na faɗa miki, da ya zo. In ya zo, ni ina za ni?"

Malam Umara ya ɗaga murya zai ci gaba da karatu, sai Gana ta yi sauri ta juya ga uwar, ta bar shi.

"Kulu, saurara. Ki ce ya bar ni. Ba kullum ba, magariba kawai, in ari bakin yarinyar in mayar mata. Zan karanta miki duk abin da ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya, ki ji da kunnenki. In na tafi, babu sauran muryar da za ki ƙara ji har ki mutu. Ko tasa."

Wannan ita ce maganar da ta fi duwatsun nauyi, kuma ba ƙarya a cikinta. Ma'u ta fara jin tsoron amsar da uwar za ta bayar. Inna Kulu tana son muryar nan, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta kai hannu ta kama tsintsiyar hannun Adila, ta ji yatsunta sun zagaye shi har da saura.

"Kin zauna da ni lokacin da babu kowa," in ji ta. "Na gode. Amma wannan 'yata ce, ba aro nake bayarwa ba. Tafi, Gana."

"Ko sallama ba za ki bari in riƙa yi miki daga zaure ba?"

"Ko sallama."

Malam ya sa Gana ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ta yi. Ta roƙi abu ɗaya, a bar mata tabarmar. Ya ce a kai bakin gulbi a ajiye. Babban yatsan ƙafar Adila ta hagu ya karkaɗa, ta yi atishawa sau uku, ta kwanta lamo a jikin Ma'u. Duwatsu suka tsaya. Inna Kulu ta ga bakin Ma'u na motsi, ta ga na Malam na motsi, ta gane an koma gidan jiya.

Sai da Adila ta kwana biyu tana cin abinci sannan Ma'u ta ba ta labari. Adila ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashi, ta shiga saiti ta mayar da harufan yadda suka zo. Nan take farin gurbin ya cika da rubutu, layi tara, layi goma. Ta ja baya, na jiya haka, na watan jiya haka, har farkonsu. Ta kira yayanta tana kuka.

Da Abdulmannan ya yi magana, kamar da kansa yake yi. Ya ce shi ya ƙayyade tsayin gurbin, ya auna shi da harufan tasa wayar. Shi ya hana rubutun gungurawa sama da ƙasa, wai kada Inna ta rikice. Duk abin da ya wuce bakin gurbin sai ya yanke, babu ko ɗigo uku da za su nuna akwai saura. A wurin aiki ba ya sakin manhaja sai ya gwada ta da manyan harufa da ƙanana a waya goma, amma ta uwarsa a dare ɗaya ya haɗa ta, bai gwada ba.

"Ni na ƙara girman, Yaya," in ji Adila.

"Ke kin yi abin da ya kamata. Ni ne ban yi tunanin idonta ba." Ya ja numfashi. "Ta ce wani abu?"

Inna ba ta ce ba tukuna, don a yanzu rubutun ya yi mata ƙanana, karanta mata da baki kuma ba shi da amfani. Adila ta sayo littafin rubutu da alƙalami mai kauri, ta zauna tun hantsi tana kwafe saƙonnin da manyan baƙaƙe, shafi ɗaya saƙo ɗaya. Duk shafin da ta gama sai ta yage ta miƙa. Inna Kulu na karɓa, tana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa, tana ajiyewa a cinya. A shafi na bakwai ta cire tabarau ta kife takardar.

"Saura nawa?"

Adila ta rubuta mata a gefen littafin: sun fi ɗari bakwai.

Inna Kulu ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta yi magana da ƙarfi, har Ma'u ta ji daga bayan katanga.

"Bar kwafar nan haka. Ki ce masa ya zo. Ki ce masa wallahi ban san yana tambaya ba."