Wayar da Sallau Ya Binne a Gindin Tsamiya

Ku matso, ku rage murya. Wannan da Sallau ya faru, abokin Kawu Barau.

Sallau ma'aikacin wani kamfanin auduga ne. Babbar kwamfutarsu tana Kaduna, cikin ɗaki mai sanyi. Shi aikinsa ya bi rassan ƙauye yana jona firinta da layi, domin abin da aka aiko daga Kaduna ya fito a takarda a can.

Aka tura shi wani sito a bayan Funtuwa. Tsakanin turken layi da ofis akwai tsohuwar tsamiya. Maigadi Nomau ya roƙe shi ya zagaye ta, ya ce wurin da masu shi. Sallau ya duba, in ya zagaye waya ba za ta isa ba, ga shi yana son kwana a gida. Ya ɗauki diga, ya datse wata saiwa mai kauri, ya binne wayarsa.

Magariba ta kawo jiki, firinta ta ƙi motsi. Ya kira Kaduna. Abokin aikinsa ya ce layi lafiya lau, sai dai wani abu yana amsawa a tsakiya, kuma ba firintar ba ce.

Nomau ya tafi alwala. Sallau ya bi wayar shi kaɗai.

Iska ta tsaya cak. A gindin tsamiyar wata mata ce zaune, da yaro kwance a cinyarta. An naɗe ƙafar yaron da ganye. Sallau ya yi sallama. Bakinta ya motsa, amma muryar daga cikin ƙasa ta fito, daidai inda ya haƙa.

"Kai ne mai digar?"

Ya ce shi ne.

"Barci ɗana yake yi a ƙarƙashin saiwar. Ai an faɗa maka."

Ba tsoro ne ya fara kama Sallau ba, kunya ce. Shi ma yana da ɗa kamar wannan a gida. Ya durƙusa, ya ce ya yi laifi, ya roƙe ta ta yafe masa. Yaron ya buɗe ido ya dube shi, ko kuka bai yi ba.

Da hannu Sallau ya tono wayar, har faratansa suka yi jini. Da ya ɗago, ba kowa.

Washegari ya samo ƙarin waya, ya zagaye tsamiyar da nisa. Yana jonawa, firinta ta kama aiki.

Ba abin da ya same shi, ko ciwon kai. Wannan ne ma ya fi cin ransa. Har ya tsufa yana sadaka, bai taɓa sanin ko yaron ya taka ƙafar ba.

To, kun ji. In magariba ta yi, kada wanda ya bi ta gindin tsamiya shi kaɗai. Ba kowa ke samun wadda za ta ƙyale shi ba.