Katin Inna a Cikin Gora

A garin Yelwa, can unguwar da ke kusa da bakin ruwa, akwai wata yarinya mai suna Zuliha. Tana aji biyar a firamare. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa babanta bai taɓa kiran sunan ba. "Uwata" yake ce mata, haka ma ƙanensa, Bappa Zaidu. Inna kuwa "ke" kawai take ce mata, don ita ce 'yar farinta.

Baban Zuliha masunci ne. Bara da bazara zazzaɓi ya kama shi. Ya yi mako biyu kwance a gida, ana ba shi jiƙe-jiƙe. Ranar da aka kai shi asibiti, Zuliha ce ta riƙe masa takalmansa har bakin ƙofa. Ya ce ta ajiye masa, yana dawowa. Kwana ɗaya ya yi a can, Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga ranar Zuliha ta ƙi jinin asibiti. Ko makaranta za ta, sai ta zagaya ta bayan kasuwa don kada ta ga ƙofarsa.

Bayan Inna ta gama takaba, maƙwabciyarsu Mama Asibi ta samo mata aiki a kamfanin casar shinkafa, inda ita ma take aiki. Ɗinke bakin buhuna ne aikin Inna.

Wata rana Inna ta dawo da wani ɗan kati na roba. A gabansa akwai hotonta, a bayansa an rubuta sunan Zuliha da na ƙanenta Ɗanbaba, ɗan shekara biyar. Ɗanbaba ya karɓa ya duba, ya yi ta dariya. Wai Inna ta zare ido kamar ta ga kada.

Inna ta ja masa kunne da wasa, sannan ta yi musu bayani. Katin inshorar lafiya ne. Duk wata ana cire ɗan wani abu daga albashinta, kamfani ya ƙara nasa. Idan ɗayansu ba shi da lafiya, sai su je asibiti su nuna katin a duba su. Ba ma sai an kwanta ciwo ba. Ranar Asabar an ce duk ma'aikata su je da 'ya'yansu, a auna manya, a yi wa yara rigakafin sanƙarau kafin zafi ya tsananta.

Inna ta ƙara tamke ɗankwalinta a goshi, ta ce: "Ni ma na samu in gaya wa likita ciwon kan nan da ya dame ni."

Zuliha ta tsorata. Ta san yadda abin yake. Za su ga Inna da ciwon kai, su ce ta kwanta a gado. Daga nan sai a miƙo mata takalma ta riƙe.

Ranar Juma'a da la'asar, Inna ta fita ɗibar ruwa. Zuliha ta shiga ɗaki ta ɗaga matashin kai, ta ɗauke katin. Ta tsaya tana neman wurin da ba wanda zai duba. Sai idonta ya kai kan gorar Baba.

Babbar gora ce ta kamun kifi, mai baki a sama, wadda masunci yake kwanciya a kanta cikin ruwa yana jefa kifi ciki. Tana rataye a ƙusa cikin zaure. Tun rasuwar Baba ba wanda ya taɓa ta. Inna ma in za ta wuce, kawar da kai take yi.

Zuliha ta taka turmi, ta jefa katin a ciki. Ta ji ƙararsa a ƙasan gorar. Ta sauko tana ganin ta ceci Inna.

Da safiyar Asabar Inna ta birkice ɗaki tana neman katin. Ta zazzage jaka, ta kakkaɓe tabarma, ta buɗe kwanukan da ke jere. Ta tambayi Zuliha, Zuliha ta ce ba ta gani ba. Sai Inna ta juya kan Ɗanbaba, tunda shi ne ya yi ta wasa da katin. Yaro ya rantse, ya yi ta kuka har da shessheƙa. Zuliha ta fita tsakar gida tana shara inda ta riga ta share.

Mama Asibi ta leƙo da ɗanta Bitrus, ɗan ajin su Zuliha, sun shirya. Ta ce Inna ta zo su tafi haka nan, in ya so ranar Litinin ta gaya wa ofis a yi mata wani. Inna ta ƙi. Ta ce da wane ido za ta dubi mutane, ba ta daɗe da kama aiki ba har ta ɓatar da abin da aka ba ta? Ta ce su je, ita za ta ci gaba da nema.

A makon nan zafi ya sauko da ƙarfinsa. Kogi ya ja baya, ya bar jirage zaune a kan yashi. Kafin azahar ruwan randa ya ƙare. Kwanon rufin aji yana ƙara kamar ana taka shi.

Malam Abubakar, malamin ajinsu, ya ajiye lissafi ya yi musu darasin bazara. Ya ce su riƙa shan ruwa tun kafin su ji ƙishirwa. Su sa malfa ko su bi inuwa in rana ta take. Kada a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga. Wanda ya ji ciwon kai mai tsanani ko wuyansa ya sanƙare, ya faɗa a gida nan take. Ya ce ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.

Ya tambayi waɗanda aka yi wa rigakafi. Bitrus ya miƙe yana naɗe hannun riga, yana nuna wa kowa wurin allurar. Zuliha ta sunkuyar da kai tana kallon littafinta.

A gida kuma ɗankwalin Inna kullum ƙara tamkewa yake yi. Tuwo ma kaɗan take ci. Zuliha tana gani. Sau biyu ta je ta tsaya ƙarƙashin gorar, sau biyu ta juya.

Ranar Laraba da ta taso daga makaranta, ta tarar da ƙofar ɗakinsu a buɗe. Mama Asibi ce a ciki tana ta ɗaga kaya, gumi yana zuba mata. Ta ce Inna ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, an kai ta asibiti. Ita kuma ta hau kabu-kabu ta zo ta sake neman katin.

Zuliha ba ta ko ajiye jakarta ba. Ta ruga zaure ta ɗaga kai. Ƙusa ce kawai a bango. Babu gora.

Ɗanbaba, wanda yake wuni a gidan maƙwabta, ya biyo ta. Ya ce ai Bappa Zaidu ya zo da safe, bayan ta tafi makaranta. Yau ake su a tafki, gorarsa ta fashe, Inna ta ce ya ɗauki ta Baba.

Zuliha ta koma ɗaki da gudu. Ta durƙusa a gaban Mama Asibi.

"Mama, ni na ɓoye katin. Yana cikin gorar."

Mama Asibi ta dube ta. Sannan ta tambaye ta dalili.

"Don kada a kai Inna asibiti. Baba ma can aka kai shi."

Mama Asibi ba ta doke ta ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta goge mata fuska da bakin zanenta, ta ce: "Tashi. Kuka ba zai fito da shi ba. Mu je tafkin."

Suka bar Ɗanbaba wurin maƙwabta, suka hau kabu-kabu su biyu. Tafkin yana bayan gari. Da suka isa, ruwan ya cika da maza, kowa da homarsa ta kamun kifi, gorori suna ta yawo a kan ruwa. Duk sun yi baƙi da laka, ba a gane kowa. Zuliha ta bi baki tana kiran Bappa har muryarta ta dushe.

Can sai wani ya taso daga tsakiyar ruwa yana jan gora. Bappa Zaidu ne. Ya ce: "Uwata, lafiya a cikin ranar nan, ko malfa babu?"

Mama Asibi ta gaya masa Inna tana asibiti, katinta kuma yana cikin gorar da ke hannunsa. Bappa ya kifa gorar a kan ciyawa. Tarwaɗa suka zubo suna mutsu-mutsu, karfasa biyu suka biyo baya. Daga ƙarshe katin ya faɗo, manne da jikin wata tarwaɗa, hoton Inna yana kallon sama.

Bappa ya ɗauka yana jujjuyawa. Ya ce: "Shekara talatin ina su, yau na fara kama kifi mai hoto."

Mama Asibi ta yi dariya. Zuliha ta kasa. Da Bappa ya tambayi yadda aka yi kati ya shiga gora, ita da kanta ta faɗa masa duka.

Bappa ya daina murmushi. Ya wanke katin, ya goge shi da hularsa. Ya bar wa wani abokinsa kifin, ya zura rigarsa.

"Uwata," in ji shi, "ni ma tun ranar da Yaya ya tafi ban sake taka wurin nan ba. Zo mu je tare. Ki riƙe ni, in riƙe ki."

A ƙofar asibiti Zuliha ta tsaya cik. Ga dakalin da ta zauna bara da takalma a cinya. Bappa bai ja ta ba. Ya dai miƙo hannunsa mai ƙarnin kifi. Ta kama, suka shiga.

Inna tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa, amma idonta biyu. Ɗankwalin ya kwance daga goshinta.

Nas ta karɓi katin, ta kai shi kusa da hanci, ta dubi Bappa, ba ta dai tambaya ba. Ta ce ai ba su jira kati ba. Sun duba kwamfuta sun ga sunan Inna, suka fara ba ta magani. Ta ce wanda katinsa ya ɓace ya faɗa a ofis a sake masa, kada kunya ta zaunar da shi a gida. Jinin Inna ne ya hau, ga zafi, ga rashin shan ruwa. Da ta zo awon ranar Asabar, da tun a ranar an gani an ba ta magani, da ba ta kai ga faɗuwa ba.

Wannan maganar ta fi bulala zafi a wurin Zuliha. Ta matsa bakin gado.

"Inna, ni ce. Ba Ɗanbaba ba ne. Na ji tsoro kada ki shigo nan ki ƙi dawowa."

Inna ta dubi rufi. Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. Sannan ta kamo hannun Zuliha da hannunta marar allura.

"Saurara, ɗiyata. Ba asibiti ne ya ɗauke babanki ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ni na san mun zauna da shi a gida mako biyu, muna cewa gobe zai ji sauƙi. Abin da ke hana ni kallon gorar nan ke nan. Da na karɓi katin nan, cewa na yi ku ba zan yi jinkiri da ku ba."

Zuliha ta kifa kai a kan gadon ta yi kuka sosai. Inna ba ta taɓa ce mata "ɗiyata" ba sai ranar.

Inna ta ƙara da cewa ita ma tana da nata laifin, tunda ta bar kunya ta hana ta faɗa a ofis. Amma ƙarya ba ta da kyau, balle wadda ta sa aka tuhumi wani. Dole Zuliha ta ba ƙanenta haƙuri.

Washegari aka sallami Inna. Da ƙafarta ta fito, sanye da takalmanta. Zuliha ta yi ta kallon takalman har suka isa gida.

Ta ba Ɗanbaba haƙuri. Ya ce sai ta ba shi mangwaro biyu. Ta ba shi uku.

Asabar ta gaba suka koma su duka. Aka yi wa yaran rigakafi. Ɗanbaba ya yi ihu tun kafin allura ta taɓa shi. A nan ne kuma Zuliha ta faɗi wani abu da ta daɗe tana ɓoyewa: haƙorinta na can ciki ya fi wata yana ciwo. Aka duba shi, aka ba ta magani, duk albarkacin katin nan.

Yanzu katin yana cikin wata 'yar jaka da Zuliha ta ɗinka, rataye a bayan ƙofa inda kowa yake gani. Ita ce take tuna wa Inna ranar awo da ranar karɓar magani. Ita ce take cika mata gorar ruwa kowace safiya kafin ta tafi aiki, in ta dawo kuma ta duba ko ta shanye. Gorar Baba kuwa Inna ta bar wa Bappa. Ta ce gara tana cikin ruwa da tana rataye a bango.

An wanke katin da sabulu ya fi sau biyar, amma har yau yana ɗan ƙarnin tarwaɗa. Duk sanda suka je, nas ɗin nan takan ce ta san su tun kafin ta karanta suna.

Daga nan Zuliha ta gane cewa ɓoye ciwo ba ya kare kowa. In kana son mutum, ka taimaka masa ya je a duba shi da wuri. In kuma wani abu yana ba ka tsoro, ka faɗa wa manya, kada ka ɓoye shi. Zuliha ta daina zagayawa ta bayan kasuwa. Ta gaban asibiti take wucewa zuwa makaranta, in ta hango nas ta ɗaga mata hannu.